Ruwan da Kyari Ya Sha

Duk wanda ya zauna Sabon Garin Kano a shekarun nan ya san Philomena mai burodi. Wanda bai san sunanta ba ya san ƙamshin tanderunta. Daga kudu jirgin ƙasa ya kawo ta tana amarya, ta biyo mijinta mai zuba wa injin jirgi kwal. Kwal ɗin ne ya cinye masa ƙirji. Ya rasu ya bar ta a gidan haya da tanderun laka a bayan gida, ba ɗa ba jika. Danginta suka aiko ta koma gida, ta ƙi. Hausa ta riga ta zauna a bakinta, har akuya da ita take zagi.

A coci abu biyu ake yaba mata: ba ta makara, kuma tana ciyar da kuturu.

Sunan kuturun Kyari, Babarbare ne, tun kakanninsa suke Fagge. A da shi ke awon yadi a rumfar gidansu, har cutar ta kwashe yatsun da yake awon da su. Ƙanensa Alhaji Gana ya gaje rumfar, ya yi masa ɗan ɗaki kusa da turken jakai, ana ajiye masa tuwo a bakin ƙofa a juya da sauri. Da ajiyewar ta fara tsallake kwana, Kyari ya ja jiki ya shiga Sabon Gari neman abin kai wa baka. Wata safiya ya jingina da bangon tanderun Philomena yana jin ɗumi. Ita ce ta ji ƙaurin nama ta zagayo, shi ko bai san diddigensa na ƙuna ba. Daga ranar rumfar itacenta ta zama ɗakinsa. Yana korar mata awaki, tana ba shi burodin da ya fashe, da shayi a wani kofin gwangwani da ta ɗaura wa jan zare don kada ya shiga cikin nata.

Tausayi ne, babu mai musu. Amma akwai abin da ke kwance a ƙarƙashin tausayin. Maƙwabciyarta Felicia, da suke haya a gida ɗaya, shugabar matan coci, ta kai 'yan aikin gida an yi musu baftisma, tun daga nan kujerar gaba ta zama tata. Philomena ta fi ta buri. Ita Musulmin Fagge take so ta kawo, dattijo mai furfura, abin da ba wanda ya taɓa yi. Har suna ta tanadar masa, sunan marigayi mijinta. Shekara da shekaru tana ba shi labarin yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, ita kuwa ko gefen rigarsa ba ta taɓa shafa ba.

Kyari ya gane ta sarai. Yakan yi dariya ya ce, “Uwar ɗakina, burodin nan naki da ƙugiya a ciki. To ni tsohon kifi ne, in gutsuri gefe in bar miki ƙarfenki.”

Sai rikicin watan Mayu na 1953 ya zo. Fagge da Sabon Gari suka far wa juna da adduna da wuta, aka kwashi gawawwaki ta kowane ɓangare, hukuma ta ja waya mai ƙaya tsakanin unguwannin biyu. Kwanakin nan Kyari ya yi su ne a bayan tarin itace, Philomena ta lulluɓe shi da buhunan fulawa. Ƙura ta lafa, aka yi ƙaramar salla, damina ta sauka, amma zukata ba su sauka ba. Mai sayen albasa ma sai ya waiga kafin ya tsallaka.

A irin wannan lokaci tari ya kama Kyari. Wata Talata da hantsi, Philomena ta fitar da burodin farko ke nan, ta leƙa rumfar ta ga numfashinsa ya koma sama-sama. Ta san abin da Fada, limamin cocinsu, ya koyar: in rai ya zo gargara kuma babu limamin coci kusa, kowane Kirista na iya zuba ruwa a goshi ya faɗi kalmomin baftisma, muddin mai mutuwar ya yarda. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ta tsallake a zuci yayin da take cika kofin mai jan zare da ruwa. Gidan ba kowa. Kyari ba shi da ƙarfin kau da kai. Wa zai ce bai yarda ba?

Ta durƙusa. Don ruwan ya sauka daidai sai ta ɗago kansa, ta tallafe ƙeyarsa a tafinta. Kan ba nauyi, da ɗumi, kamar na kowa. Ya buɗe ido ya dubi kofin, ya dube ta. Bai roƙe ta ba. Sai ya ɗaga dungun hannunsa na dama, inda manuniya take a da, ya yi kalmar shahada a hankali har ƙarshenta. Sannan ya ce ƙishirwa yake ji.

Ta riƙe kofin a saman goshinsa, saura kaɗan ruwan ya zuba. Ta daɗe a haka. Daga bisani ta kai kofin bakinsa, ya kurɓa, sauran ya gangara gemunsa. Kafin ta janye hannunta rai ya yi halinsa.

Felicia ta dawo daga kasuwa ta tarar da ita zaune a ƙasa. Da ta ji abin da ya faru, sai ta saka wa ƙofar gida sakata. Ta ce gawar Musulmi a gidan Kirista, a wannan zamani, ashana ce a ɗakin kananzir. Mafita ɗaya ce: Philomena ta ce ta yi masa baftisma, maza su haɗa akwati, a binne shi a maƙabartar coci kafin yamma. Fagge ba ta nemi Kyari yana raye ba, ba za ta neme shi yanzu ba. Ta ƙara da cewa ai abin da Philomena ta daɗe tana nema ke nan, ran Lahadi Fada zai ambaci sunanta a gaban jama'a.

“Ban zuba masa ba,” in ji Philomena.

“Daga ke sai Allah kuka sani.”

“To ai shi ne.”

“Ke ba ki da yara, shi ya sa,” Felicia ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Nawa suna cikin gidan nan.”

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. An ƙone shagon mijin Felicia a rikicin, ba mugunta ke magana a bakinta ba, tsoro ne. Philomena ta dubi gawar. Ta san al'adar mutanensa: ba a kwana da mamaci, maza ke wanke namiji, a sa shi a likkafani, a yi masa salla, a kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. In ba ta je ba, babu mai zuwa. Ta yafa masa farin zanen da take rufe burodi da shi, ta ɗaura kallabi, ta zare sakatar.

Ɗan dokan da ke bakin waya ya tambaye ta ko ta gaji da duniya ne, ya matsa mata ta wuce. Tana shiga Fagge ta tura ɗan gicciyen wuyanta cikin riga, ta ji kunyar kanta, amma ba ta fito da shi ba. Taɓo ya kama mata takalmi. Hirar bakin rumfuna tana mutuwa duk inda ta gifta, samari suka biyo bayanta ba gudu ba tsayawa. Wani ya ce ko burodin ne ya yi kwantai aka biyo su da shi har gida. Ba wanda ya yi dariya.

Alhaji Gana na zaune cikin bandir-bandir na yadi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa gaisuwar mutuwar wansa Kyari. Da fari ya ce shi ba shi da ɗan'uwa a Sabon Gari. Da ya ga maƙwabtan rumfa na kallonsa, duk kuwa sun san Kyari, sai ya miƙe ya ɗaga murya: me aka ba shi ya ci, wa ya tsare shi a can, me ya sa sai yanzu ake zuwa. Duk tambayar da ya jefa mata, tasa ce ya kasa amsawa. Mutane suka yi da'ira. Ta ji wani na cewa a je a gani da ido, wasu suka amsa, ta kuma san irin zuwan da suke nufi.

Malam Wali, limamin masallacin unguwar, ya ratso taron yana dogara sanda. Ya sa aka yi shiru, ya tambaye ta yaushe ne, kuma wa ke wurin. Ta ce ita kaɗai. Sai Gana ya jefo abin da ke cinsa: an san halinsu, mai yiwuwa sun zuba masa ruwan nan nasu ya bar addini. Philomena ta dubi fuskarsa ta ga wani abu da ya ba ta tsoro fiye da samarin. Fata yake ta ce e. In Kyari ya mutu Kirista, babu wanka a kan Gana, babu ɗaukar makara, kuma laifin ya koma tsallaken waya.

“Baiwar Allah,” Malam ya ce, “kin zuba masa?”

Ƙarya ɗaya za ta wadatar: ta ce abin bai taɓa zuwa mata a rai ba.

“Malam, don haka na ɗebo ruwan. Na daɗe ina so. Ya ɗaga hannunsa ya faɗi abin da ladaninku ke faɗa, bai rage komai ba. Ya ce yana jin ƙishirwa. Na ba shi ya sha.”

Malam Wali ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ga Gana ya ce ya yanko alawayyon likkafani daga mai kyaun, ba daga na ƙasan tari ba. Ya ce a ɗauko makara daga masallaci. Ya ce masu ɗauka kaɗai za su tsallaka, hannu wofi, duk wanda ya biyo baya da ko tsinke ne shi da Allah. Da ya tambayi wa zai taimaka masa wankan kuturu, samarin da ke ɗokin zuwa suka shiga duban ƙasa. Wasu dattawa masu ɗinki suka fito. Gana ya bi su, don ba shi da hanyar ƙi.

Philomena ce ta shiga gaba, makara na bayanta. A Sabon Gari tagogi suka rurrufe, ta kuma san abin da ke jingine a bayan kowace ƙofa. Ta riƙa kiran maƙwabta da sunayensu tana cewa baƙinta ne, gawa suka zo ɗauka. Felicia na tsaye a tsakar gida ta tattara yaranta a bayanta. Malam ya yi mata sallama, ta amsa da kyar.

Ya shiga rumfar itacen, ya yaye zanen, ya shafa idanun Kyari, ya sa hannu biyu ya tallafo kafaɗunsa. Gana ya kama ƙafafu. Ganin tabon ƙuna a diddigen wansa, ya tambayi abin da ya same shi. Philomena ta gaya masa, ta ce ya daɗe da warkewa.

Ta raka su har bakin waya ta tsaya. Ba ta bar wurin ba sai da wani daga cikin maɗinkan ya dawo bayan la'asar da saƙon Malam: an yi wa Kyari salla, an kwantar da shi kusa da mahaifinsa.

Labari ya bazu cewa mai burodi ta rungumi kuturu, ciniki ya ja baya har ƙarshen damina. A coci Felicia ta daina matsa mata wuri, wasu suka ce ta saka unguwa cikin haɗari don neman suna, wasu suka ce ta saki rai yana hannunta. Abin da ya fi damunta shi ne ta kama kanta tana shirya yadda za ta ba da labarin, inda za ta dakata, inda za a share hawaye. Tun daga nan ta kulle bakinta. Wanda ya tambaya sai ta ce ya mutu, danginsa sun ɗauke shi.

Ta ci gaba da gasa burodi a Sabon Gari har shekarun suka ƙare. Ba ta kai kowa baftisma ba. Awaki suka samu sake a bayan gidan. Kofin kuwa ta kwance masa zaren, da shi take shan ruwa a bakin tanderu, kuma duk almuru takan ware burodin da ya fashe ta ajiye a rumfar itace. Da safe ba ta tarar da shi, ba ta kuma taɓa laɓewa don ta ga mai ɗauka ba.