Injin da Yayana Ya Kawo Daga Kano

Yayana ya yi rani bakwai yana ci-rani a Kano. Da farko gadi yake yi a wani kamfani mai ajiye wa mutane shafukansu na intanet, daga baya ya koyi aikin har suka fara barinsa ya taɓa injinan. Da suka sayi sababbi, sai suka ba shi tsoho ɗaya. Ya shigo da shi ta iyakar Ɗan Barto a bayan motar ɗaukar rake, an naɗe shi da bargo, mutum huɗu suka sauke shi a ƙofar gidanmu.

Akwatin ƙarfe ne da ya kai mini gwiwa. A cikinsa akwai ordinatar, wato kwamfuta, guda takwas, sirara, an jera su a tsaye kamar alluna. Ya ce masu wannan sana'a suna ce musu bled, wato reza, saboda sirantarsu. Ni ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, lokacin, shi ya sa ni ya zaɓa ya yi wa bayani. Ya nuna mini cewa duk takwas ɗin wuta ɗaya suke sha, fankoki ɗaya ke hura musu iska, kuma in ɗaya ta mutu sai a zare ta a tura wata ba tare da an kashe sauran ba. A cewarsa, aikin da zai cika ɗaki da injina da wayoyi, wannan akwati kaɗai zai ɗauke shi.

Muka share tsohon shagon mahaifinmu, ya sa kilim mai sanyaya ɗaki, ya jawo rezo na intanet. Cikin wata biyar ya samu masu ajiya: ƙungiyar mata masu man gyaɗa ta Tsauni, wani porje na masu agaji da ke haƙa rijiyoyi, da wani Alhaji ɗan kasuwar Damagaram mai safarar wake. Inna ba ta gane abin ba, amma tana jin daɗin cewa ɗanta zai yi rani a gida.

Sai sojoji suka karɓi mulki. Aka rufe iyaka, aka yanke kuran, wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Nijeriya. A daminar nan ruwa ya ɗauke hatsi yana tsaka da fitar da kai, ya tsaya a gona yana bushewa muna kallo.

Yaya ya koma gurup, wato janareto. Man da yake samu ba ya iya ɗaukar injin da kilim tare, sai ya kashe kilim, ya buɗe ƙofa, ya rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Fankokin suka riƙa kuka har ana ji daga zaure. Ta farko cikin ordinatar takwas ɗin ta mutu ran wata Juma'a bayan sallah. Ina tsaye ya zare ta, da zafi kamar murfin tukunya, ya jingina ta da bango. Wadda zai tura a madadinta tana Kano, kuma babu hanya.

Masu porje suka tattara suka bar ƙasar. Matan Tsauni suka aiko cewa babu gyaɗar da za a matse, balle a tallata. Alhaji ya kira da kansa, ya yi ta ba da haƙuri, ya ce yaransa sun mayar da shafin wani kamfani a Turai, inda wuta ba ta ɗaukewa. Yaya ya yi masa godiya, ya ce babu komai.

Duk da haka Yaya ya ci gaba da kunna injin, ko da awa biyu a yini, babu shafin kowa a ciki sai nasa. Da masu aiki cikin takwas ɗin suka rage uku na same shi a shagon.

"Yaya, wa kake kunna wa?"

"In na kashe, ba na jin zai sake tashi," ya ce.

Ranar da muka ɗaure damman gonarmu, Inna ta dubi abin da aka shigo da shi, ta ce ba zai kai mu sanyi ba. Washegari ya kashe injin, ya sayar da gurup ɗin, ya auno mana masara. Bayan kwana uku ya hau babur ta hanyar daji.

Yanzu yana gyaran waya a bakin wata kasuwa a Kano. Yana kira duk mako, ya tambayi Inna, ya tambayi ruwa. Makullin shagon yana wurina, ban cika buɗewa ba.