Yadda Kifi Ke Ganin Inna

Tun tana amarya Inna mai kifi take kiwon tarwaɗa a tafkin siminti bayan gida, amma bakunansu kawai ta sani, idan sun taso cin abinci. Da furfura ta cika mata kai, sai ta matsa wa autarta a kai ta sayen kyamarar da ba ta tsoron ruwa.

Mai shago ya jera kala-kala yana ta zuba bayani. Inna kuwa bokitin ruwa ta nema, ta jiƙa hannu, ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kifi.

"Wadda ta suɓuce mini ba tawa ba ce," in ji ta.

Wata 'yar rawaya mai kaushin jiki ta zauna daram a tafinta.

A gida auta ta kunna bidiyo, ta zura kyamarar ƙasan tafki da igiya, Inna ta watsa abinci yadda ta saba. Da suka jawo ta, suka haɗa kai suna kallo. Ga ruwa kore shar, kifaye duk sun fuskanci sama. Can cikin haske mai rawa, wata ƙatuwar inuwa ta buɗe hannu, abinci na zubowa kamar yayyafi.

"Auta, wace ce wannan?"

"Ke ce mana, Inna."

Inna ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ashe haka ake hango mai ciyarwa daga ƙasa."