Ɗan Gaban da Taubashina Ya Zaɓar Mini

Shekarar da muka koma wasan fantasi na zaɓen bi-da-bi, ni ƙuri'a ta ba na farko. Na yi murna har na saya wa kaina tsire a hanyar gida, abin da ba na yi sai ranar albashi.

Wasan ba wani abu ba ne mai wuya. A waya ake yin sa. Kowa zai haɗa 'yan ƙwallo goma sha biyar daga cikin waɗanda ke buga gasar Ingila da gaske, in ɗan wasanka ya ci ƙwallo ranar Asabar ka sami maki, in ya yi shirme ka tashi a tutar babu. A zaɓen bi-da-bi kuwa, duk wanda wani ya riga ya ɗauka ya haramta ga saura har ƙarshen kakar wasa. Saboda haka wanda ya fara zaɓe shi ne ya shiga kasuwa kafin kowa ya shimfiɗa buhu.

Mu takwas ne, rabi a Birnin Kudu inda nake koyar da lissafi a sakandare, rabi a Gwaram. Wanda ya haɗa mu wani mai shagon cajin waya ne a bakin tashar Gwaram, shi ne kuma shugaban guruf ɗinmu na hira a waya. Ba ma sa kuɗi. Abin da ake ci shi ne baki: wanda ya zo na ɗaya yana da izinin ya yi wa kowa tsiya shekara guda, ba mai ce masa kanzil.

Wanda ƙuri'a ta ba na biyu shi ne taubashina, ɗan kawuna yayan Inna. A Fagam yake, yana noman riɗi da wake, yana da 'yan shanu. Shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, don haka tun muna yara bai taɓa kira na da sunana ba, sai “bawana”. Ko a gaban ɗalibaina haka yake kira na. Kuma mutum ne da in ya ce maka gari ya waye, gara ka leƙa waje ka gani da idonka. Ya taɓa aiko mini cewa wani abokinmu na walimar sabon gida a Kiyako. Na sa babbar riga, na fesa turare, na hau babur, na tarar da mutumin a gona yana watsa taki, ko tubali ɗaya bai aza ba. Da na kira taubashin nawa, dariya ta hana shi magana. Ba yadda na iya, taubashi ba a yi masa fushi.

Ana jibi za a yi zaɓen muka haɗu a kasuwar Gwaram, ya kawo akuya zai sayar. Ni na riga na gama lissafina a bayan littafin darasi. Akwai wani tsohon ɗan gaba da ya yi shekaru yana ci ba fashi, ba ya ciwo, shi ke buga fenariti. Shi na yanke zan ɗauka.

Taubashina ya ja ni gefe, wajen masu igiya, ya rage murya.

“Bawana, wa za ka fara da shi?”

Na ce ba zan faɗa ba.

Ya ce, “To kar ka faɗa. Amma in kana da hankali, ɗauki dogon yaron nan da aka sayo bana. Na kalli wasanninsa na can ƙasar da ya baro. Wannan in ya sauka, raga sai ta yage. Tsohon naka gwiwa ta fara gajiya.”

Na dube shi sosai ina neman inda dariyar take ɓoye. Babu. Fuskarsa kamar ta mai cinikin shanu. Kuma gaskiya ba shi kaɗai ke faɗa ba, duk masu sharhi a rediyo yaron nan suke yabo, an sayo shi da tsada, an ce zai karya tarihi. Ranar zaɓe da la'asar, ina zaune a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidanmu, waya ta nuna layina ne. Na bar lissafin kwana goma na danna dogon yaron. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga na biyu ya fito: taubashina ya ɗauki tsohon nawa. Na sake duba sunan, na sa wayar a aljihu.

Mako na farko yarona ya buga minti casa'in bai taɓa raga ba. Na ce baƙunta ce. Mako na biyu aka ba shi ƙwallo shi da gola, ya ɗaga ta sama har 'yan gidan kallo suka ce ta tafi Bauci. Na ce ai kowa na kuskure. Mako na huɗu koci ya cire shi tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Tsohon kuwa, wanda aka ce mini gwiwarsa ta gaji, sai ci yake yi kamar an biya shi ya ba ni haushi. Sauran zaɓena ma ba su rufa mini asiri ba. Ɗan bayan da na ɗauka na biyu ya karɓi jan kati a wasansa na uku, golana kuma aka sayo wani aka ajiye shi a benci yana tauna cingam. Amma waɗannan ni na zaɓe su da kaina, ban damu da su ba. Dogon ne ya tsaya mini a rai, don shi sa ni aka yi.

Duk Asabar da yamma sai saƙo ya shigo guruf: “Bawana, ya jikin dogo?” Sauran su bi da dariya. Ni ma in tura dariya, amma a zuciyata na fara tara hujja.

Na tuna yadda ya ja ni wajen masu igiya, inda ba wanda zai ji. Me ya sa bai faɗa a gaban mutane ba? Na tuna ya tambaye ni wa zan ɗauka, na ƙi faɗa, amma ya ce “tsohon naka”. Wa ya gaya masa? Na tuna saurin da aka yi aka ɗauke tsohon, alhali kowa ya san sabis a Fagam sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama. Mutumin da saƙonsa kan kwana a hanya, ranar nan kaɗai sabis ya yi masa biyayya? Na jera su a kaina ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nake jera wa yara matakan warware lissafi, kullum amsa ɗaya take fitowa.

Zargin bai tsaya a ƙwallo ba. Cikin Satumba zan je Fagam gaida kawu, ya kira ni ya ce kar in bi ta gajeriyar hanya, ruwa ya cinye wajen kwalbati, in zagaya. Na ce a raina so yake in ƙone mai a banza ya samu abin dariya. Na bi ta gajeriyar. Babur ya nutse har sarƙa, sai da wasu manoma biyu suka taya ni ciro shi, wandona kamar na mai kwaɓa ƙasa. Kana tsammanin wannan ya wanke shi a wurina? Ko kaɗan. Cewa na yi ya san ba zan yarda ba, shi ya sa ya faɗi gaskiya don in faɗa. Yanzu in na tuna wannan tunanin kunya nake ji, amma a lokacin gani nake na gano shi sarai.

Da aka shiga Nuwamba ina na bakwai cikin takwas, shi yana na ɗaya. Sai ga saƙonsa, ba a guruf ba, ni kaɗai. Ya ce mu yi musanya: in ba shi dogon, ya ba ni wani ɗan tsakiyarsa da ke kawo maki duk mako. Na karanta sau uku. Wane mahaukaci ne zai ba da saniya mai nono ya karɓi busasshiya? Na ce lallai ya ji wani labari, yaron ya kusa farfaɗowa, so yake ya ƙwace shi daidai lokacin da zai fara ci, ya cuce ni sau biyu a kan mutum ɗaya. Na rubuta masa, “Na gode, ina son kayana.” Kwana tara bayan nan dogon ya ji ciwo a cinya, aka ce sai bayan wata biyu.

Abin ya fashe ne ranar sunan ɗan ƙanwarsa a Fagam, da hantsi, bayan an shafa fatiha. Maza na zaune a tabarmi a ƙofar gidan kawu, ana raba goro da waina. Taubashina ya taho da faranti, ya tsaya a kaina, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“A ba bawana biyu, yana jinya. Yaronsa na asibiti a Ingila.”

Aka yi dariya, har dattawan da ba su san zancen ba. Irin wannan ya yi mini sau dubu. Amsar da ta dace ita ce in ce masa ubangidan da bai iya ciyar da bawansa ba sai ranar sunan wani, a sake dariya, a wuce. Amma wata biyar ina dafa abu a ciki. Na ture farantin.

Na ce, “Kai mayaudari ne. Ba da wasa nake faɗa ba. Ka san abin da ka yi, da gangan ka yi shi, kuma ba yau ka fara ba. Duk abin da ya fito daga bakinka ƙarya ne, shi ya sa ba mai yarda da kai.”

Kawu ya sunkuyar da kai yana juya goro a hannu. Taubashina ya tsaya da farantin, ya buɗe baki kamar zai mayar da abin wasa, sai ya dubi fuskata ya fasa. Ya durƙusa ya tsince wainar da ta faɗi a tabarma, ya shiga gida.

Kafin in hau babur Inna ta aiko aka kira ni zaure. Ba ta tambaye ni me ya faru ba, an riga an kai mata. Ta ce, “A ƙofar gidan yayana? A kan ƙwallon da ko ganin ku masu buga ta ba su taɓa yi ba?” Na ce ba ta san shi ba ne. Ta ce, “Ni na goya shi.”

Mako guda bayan haka na biya ta shagon caji a Gwaram. Niyyata in samu wanda zai ce ina da gaskiya. Na zayyana wa mai shagon hujjojina, na ƙare da babbar: yadda sabis ɗin Fagam ya yi sauri ranar zaɓe.

Ya ce, “Malam, ai ba shi ya danna ba. Ni na danna masa. Tun safe ya kawo wayar ya bar ta a nan, ya ce ba ya son sabis ya ci amanarsa, ya koma gona.”

Ya jawo durowa, ya tona cikin tsofaffin caja da batura, ya ciro wani yankin kwalin maganin feshi. A bayansa an jera sunayen 'yan wasa da biro, yadda za a bi a ɗaukar masa. Na farko a jerin, an ja masa layi biyu a ƙasa, dogon yaron ne. Tsohon yana na biyu.

“Ce mini ya yi in kai ka ɗauki na saman, in ɗaukar masa na ƙasa, don ya riga ya ba ka shawara ka ɗauke shi. Na ce me ya sa ka gaya masa, da ka yi shiru ai kai zai faɗo wa. Ya ce ƙuri'a ta ba ka na farko, bai kamata ka ɓata shi a kan tsoho ba.”

Ba zan ɓoye ba, sai da na juya kwalin na duba ko sabon rubutu ne. Na shafa biron da yatsa ko zai goge. Har na fara tunanin ko sun haɗa baki. Amma kwalin ya yi laushi, ya sha ƙurar durowa, kuma rubutun nasa ne, da irin bakwai ɗin nan da yake ja wa sanda a tsakiya tun muna firamare. A nan ne musanyar Nuwamba ta dawo mini. Mutumin ya ga shawararsa ta jefa ni rami, ya zo zai ɗauke mini kayan, ni kuma na ce masa ina son kayana.

Washegari na tafi Fagam. Na same shi yana ba shanu harawa. Na ce na zo ba da haƙuri, na ga kwalin, na yi kuskure. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma wadda ake ajiye wa baƙi, ya sa aka kawo fura da nono.

Ya ce, “Ba komai, Malam. Ya wuce.”

Na jira ya ƙara wani abu. Na ce masa furar ta yi tsami, ko shanun nasa ma rowa suka koya. Da can wannan ya isa ya tashe shi mu kwashe awa guda. Ya ce, “Ayya, bari a canjo maka.” Ya tashi da kansa ya canjo.

Shi ya ci gasar shekarar, da tazara mai yawa. Yana da izinin tsiya na shekara guda, ya yi wa mutum shida har suka gaji, ni ko sau ɗaya bai taɓa ni ba. Dogon yaron an sayar da shi wata ƙasa, na ji an ce can ma bai yi abin kirki ba, ban bi labarinsa ba. Har yanzu muna wasan, muna gaisawa, yana zuwa duk abin da ya same ni, da buhun wake a bayan babur in kaka ta yi. Malam yake ce mini.

Daminar da ta wuce zan je gaida kawu, na kira shi na tambayi hanya. Ya ce gajeriyar lafiya lau take, an gyara kwalbatin. Na hau babur ina addu'a a raina Allah ya sa in tarar da ruwa ya cinye ta, in nutse har sarƙa, in kira shi in ji dariya ta hana shi magana. Na isa wajen, na tsaya, na sauke ƙafa. Kwalbatin sabo fil, hanya a bushe, kamar yadda ya faɗa.