Baƙi, Ba Baki Ba

Duk shekara, idan zafin Riyad ya kai inda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, makarantu suka rufe, masu hali suka tafi gida hutu, mu da muka rage mukan haɗu a wata gonar dabino can bayan Sulay mu yi taron waƙe. Mata ne zalla da 'ya'yansu mata. Babu kiɗa, murya ce kawai da amshi. Rukuni uku muke: mu na unguwar Nasim, da na unguwar Ud, sai matan da mazajensu ke aiki a ma'ajiyoyin kaya na Sulay. Gefen ƙaramin masallacin gonar akwai wani tsohon ɗakin ƙasa da ake tara dabino a da, nan muke shimfiɗa darduma. Ban san dabarar da magina suka yi masa ba, amma idan yara suka ɗauki amshi a cikinsa sai ki rantse a soron makarantar garinku kike zaune.

Waƙoƙin duk na Larabci ne, in ban da guda ɗaya, kuma ni na kawo ta. Mahaifiyata ce ta tsara ta lokacin da take koyar da matan aure a zauren gidanmu, ban taɓa ganinta a takarda ba. Amshinta gajere ne: "Mu baƙi ne a ƙofarka, ya Rabbi ka karɓe mu."

Shekarar farko da yaran Nasim suka rera ta, 'yata ce a gaba. A Riyad aka haife ta, Larabci take mafarki da shi, Hausa kuwa sai idan tana son wani abu a wurina. Suka buɗe murya gaba ɗaya suka ce, "Mu baki ne a kofarka." Matan Sulay, waɗanda Hausarsu ba ta daɗe da sauka daga jirgi ba, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wata ta ce ai gaskiya yaran suka faɗa, tunda sun cinye shinkafar tun kafin a fara. Ni ma na yi dariyar, amma abin ya ci min rai.

Da shekara ta zagayo na zaunar da su na ce harafin ƙ ba kaf ɗin Larabci ba ne, daga can ciki yake fitowa. Suka gyaɗa kai, suka koma ga abin da suka sani, wato harafin Larabcin nan na cikin maƙogwaro. Ranar gwaji, Hajiyar da ke shugabantar taron ta zo saurare. Dattijuwa ce mai karatu, ba ta da yawan magana. Amshi ɗaya ta ji ta ɗaga hannu.

Ta ce, "'Yar nan, kin ji abin da suke faɗa? Baqi suke cewa. A Larabcin kasuwa ragowa ke nan. A littafi kuwa kin san sunan Allah ne. Ba zan bari yara su tsaya gaban jama'a suna cewa su ne ba."

Na ce, "Hajiya, ai ba nufinsu ke nan ba."

"Na sani. Amma halas, magana ta ƙare, a cire ta. A ba su wata ta Larabci kowa ya huta."

Ina da saurin fushi, kowa ya san ni da shi, amma ranar na haɗiye. Na roƙe ta ta ba ni sati uku. Ta dube ni ta ce ta ba ni, da sharaɗin idan ko yarinya ɗaya ta sake cewa baqi, an gama maganar waƙar Hausa a taron, ba bana kaɗai ba. Na ce na yarda, alhali ban san ta inda zan fara ba.

Maigidana ya so ya sauƙaƙa min. Ya ce in canza kalmar mana, in ce "mu bayi ne", ma'ana ta yi kyau, karin waƙa bai karye ba. Na ce to ƙofar fa, ita ma mu mayar da ita taga? Ya ɗauki makullin motarsa ya fita. Gaskiyar magana, ba zan iya taɓa kalmar ba. Da bakin mahaifiyata na ji ta, kuma ba ta raye balle in nemi izininta.

Kullum bayan la'asar yara goma sha biyu suke cika min falo, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta nishi bai iya komai ba. Na sa su dafa maƙogwarona su ji yadda yake motsi. Na sa su kwaikwayi kaza. Na jera musu ƙafa, ƙwai, ƙwarya, ƙuda, suna mayar min da kafa, kwai, kwarya, kuda, wasu kuma su zurfafa su koma Larabci. Daga baya na kafa doka: ina soya ƙosai, amma duk wadda ba ta kira sunansa daidai ba ba za ta ci ba. Dokar ba ta yi kwana biyu ba, don ni ce na ƙare da kwano cike a gabana, yara suna kallona kamar na ci amanarsu.

Sati biyu suka wuce a haka. Wata rana bayan sauran sun tafi, na tsare 'yata a kicin na ce sai ta faɗa. Ta gwada, ta sake gwadawa, idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Umma, wallah ma agdar, ba zan iya ba. Harafin nan babu shi a bakina."

Na ce, "Yana nan. A ce mutum ya kasa cewa 'ƙasarmu'?"

Ta ce, "Ai ba kasata ba ce. Sau uku kawai na je."

Maganar ta soke ni, har da yadda ta faɗe ta. Na juya na ci gaba da suya, cikin haushi na zuba wa ƙullun attarugu fiye da kima. Na tura mata faranti ba tare da na nemi ta kira sunan komai ba. Ta ci ɗaya, ta ci na biyu, sai yaji ya sarƙe ta, ta fara shaƙuwa. Na miƙa mata kofin ruwa na ce shaƙuwa ce, ta sha. Ta buɗe baki za ta maimaita kalmar don ba ta san ta ba, shaƙuwar ta zo mata a tsakiya, sai ga harafin ya fito tas, kamar an fasa gyaɗa.

Na fizge kofin. Na ce, "Kar ki sha. Sake faɗa."

Allah ya yafe min, haka na bar yarinya tana shaƙuwa tana hawaye, ina riƙe da ruwanta, har sai da ta gane abin da maƙogwaronta ke yi: rufewa yake, numfashi ya tsaya, sannan harafin ya ɓallo. Da shaƙuwar ta lafa ta gwada da kanta, ya fito. Ta ce ƙosai, ta ce ƙofa, ta bi gidan tana neman duk abin da ke da harafin.

Washegari ita ta koyar da sauran. Da Larabcinsu na makaranta ta yi musu bayani, su riƙe numfashi su yi kamar shaƙuwa ta kama su. Abin da na kasa a sati biyu ta gama shi kafin magariba, ni kuwa ina gefe ina raba ƙosai. Da Hajiya ta dawo ta sa su faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce "karɓe mu" ɗin da sauransa, har yanzu karbe suke cewa, amma wannan bai taɓa imanin kowa ba, a bar waƙar.

Ranar taron, Juma'a ce bayan la'asar, ƙasa tana tururi har cikin takalmi. Na Ud suka yi nasu, na Sulay suka yi nasu, sannan aka kira mu. Na ja baiti na farko. Yaran suka amsa, ƙ goma sha biyu suka fito tare, ɗakin ƙasar ya dawo mana da su. Babu wadda ta yi dariya. A baiti na uku matan Sulay suka shiga amshin, har da wadda ta yi maganar shinkafa, tana goge ido da bakin mayafi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun zuwana garin nan.

Da aka tashi shan shayi a gindin dabino, 'yata ta zo ta zauna jikina.

Ta ce, "Umma, baƙi yani duyuf?"

Na ce eh, waɗanda suka zo wurin mutum ziyara.

Sai ta ce, "A makaranta ajnabiyya suke ce min, wai 'yar ƙasar waje. A garinku kuma 'yar Saudiyya. Ke nan ni ko'ina baƙuwa ce."

Ta faɗi kalmar daidai, babu inda zan gyara mata. Sati biyu na yi ina fama in sa mata ita a baki, ban taɓa tunanin ranar da za ta juyo min da ita ba. Na ce mata kakarta da ta tsara waƙar ba ta taɓa kwana a wajen garinmu ba, amma ita ma haka ta kira kanta. Ban sani ba ko amsar ta ishe ta. Na ɓare dabino na sa mata a hannu, na ce gobe bayan la'asar ta kira min sauran, akwai ɓ tana jiranmu.