Maureen da Fasfon Yayanta

Shekara goma sha ɗaya Maureen Thackray ta yi tana duba takardun shaidar masu son koya wa yara iyo a Whitby, kafin a bincika ko sun taɓa aikata laifi. Ran nan yayanta Desmond, wanda shi ma ke son koya wa yaran iyo, ya miƙo mata kwafin fasfonsa.

"Na ainihin nake so, Yaya."

"Ke Maureen! Ni fa na koya miki tafiya!"

"Na sani. In na ɗaga maka ƙafa, gobe wa zan hana?"

Ya kwashi takardarsa ya fice. Wata biyu bai taka gidanta ba, yara suka zauna babu malami. Abin da ya fi ƙona mata rai, iyayen yaran ita suka ɗora wa laifi.