Kumatun Maƙwabciyata

A shekarun da nake haɗa man bilicin a ɗakina a Tudun Wada, ina da wata maƙwabciya, malamar firamare, 'yar kudancin Kaduna. Famfo ɗaya muke ɗiban ruwa. Baƙa ce mai sheƙi, ba ta shafa komai sai man kaɗanya. Ni ce na matsa mata. Na ce tunda bikin ƙanwarta ya kusa, ta bari in ɗan goge ta. Sau uku ina kai mata haɗina a 'yar roba tana ƙi, a na huɗu ta karɓa don kada ta ba ni kunya.

Wata biyu tana haske, mutane na yabawa. A na uku kumatunta suka ƙone, suka yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Na raka ta wani kemis kusa da Kasuwar Kure. Matar da ke wurin ta daɗe tana duban fuskar, sannan ta ce, "Wa ya haɗa miki wannan?"

Ina tsaye a gefenta. Maƙwabciyata ta ce, "A kasuwa na saya."

Matar ta ce mata ta daina shafa komai, ta miƙo wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa da bakin ɗigawa. Ta ce bitamin C ne, amma irin wanda aka sarrafa don kada ya yi zafi a fata, kuma ba ya saurin lalacewa a zafin Minna. Ɗigo uku da safe, a guji rana, a yi haƙuri na watanni. Ta ƙara da cewa ba lallai fatar ta koma yadda take ba.

Tun daga nan maƙwabciyata ta daina duba madubi. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta shigo wurina, ta zauna a bakin gado, ta rufe ido, in shafa mata. Fatar ta yi siriri kamar ɓawon albasa, har tsoron taɓawa nake yi. Tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Na yi ta jiran ranar da za ta zage ni, ranar ba ta zo ba. Sau ɗaya kawai ta ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Maman yara, hannunka yana rawa."

Na ce sanyi ne. Lokacin kuwa tsakiyar bazara muke.

Kwalba ta biyu ba ta ƙare ba aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, suka kwashe kaya. Ta ce za ta turo mini hoto idan ta warke. Hoton bai zo ba, daga baya lambarta ma ta daina shiga. A makon da suka tashi na zubar da sauran haɗin a kwata, na koma sayar da atamfa.

Bara a kasuwa na hango wata mata da lema, da tabo baƙi a kumatu, tsayinsu ɗaya da maƙwabciyata. Na bar shagona a buɗe na bi ta har layin masu hatsi. Ta waiwayo ta ce, "Lafiya, Hajiya?"

Ba ita ba ce. Na ce lafiya lau. Na tsaya a wurin har mai gero ya tambaye ni mudu nawa zai auna.