Gurbin Hagu na Lisandru

Shekara talatin da ɗaya Zia Divota, wato Inna Divota, ta yi tana sharar gidan da aka haifi Paoli a ƙauyen Merusaglia na tsibirin Kosika, gidan da aka mayar gidan tarihi. Ba ta kiran sunansa. Babbu take cewa, wato Baba, kamar yadda tsofaffin Kosika ke kiran mutumin da ya ja musu yaƙin neman 'yanci. Hotuna da takardun da ke bene gogewa kawai take yi ta wuce. Inda take daɗewa shi ne ɗan ɗakin ibada na ƙasa, wurin da ƙasusuwansa suke kwance. A Landan ya rasu, can aka binne shi, sai bayan shekara tamanin da biyu aka dawo da shi gidan da ya yi rarrafe.

Wannan labarin ne ya riƙe ta.

Ɗanta ɗaya ne, Lisandru. Ya sayar da itatuwan kastanya da kakansa ya bar masa, waɗanda da garin 'ya'yansu aka yi masa kunun yaye, ya haye teku ya kama dako a tashar jiragen ruwa ta wani babban birni. Ubansa Orsu ya rantse a gaban mutane bayan ibadar Lahadi, cewa wanda ya sayar da ƙasarsa ba zai kwanta cikinta ba muddin shi yana numfashi. Bayan shekara shida igiyar ɗaga kaya ta tsinke a tashar. Wasiƙa ta zo: an binne Lisandru a makabartar talakawan birnin, layi na tara, lamba ɗari biyu da shida.

Ɗakin kabarin danginsu yana bakin gonarsu, kamar na kowa a can, gurbin gawa takwas a jikin bango.

"Orsu, gurbin hagu fa a buɗe yake," ta ce wata rana suna cin abinci.

"Ina da ido."

"To?"

"To miƙo mini burodi."

Ba ta ƙara ba. Rantsuwar da aka yi a bainar jama'a ba a kwance ta, jiran ta ake yi. Ta ɗauko zanen gadon da ta zo da shi daga gidan uwarta, ta saƙa sunan Lisandru a gefe, domin a danginsu da irin wannan ake naɗe ƙasusuwa idan za a sauya musu makwanci.

Santu, ɗan ƙanenta, shi ke yankan tikiti a ƙofar gidan tarihin, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Zia, kin goge Babbu har ya kusa miƙewa. Bar masa 'yar ƙura ya rufa mana."

"Yanki tikitinka, malalaci. Da kai aka ba yaƙin nan, da har yau kana neman takalminka."

Duk baƙon da ya shigo ɗakin ibada kuwa, sai ta jingina tsintsiya ta ce masa, "Shekara tamanin da biyu ya jira, kuma da aka je an same shi."

Orsu ya ƙara shekara goma sha uku. Ranar da zai cika ya kama hannunta ya ce, "Idan na tafi, rantsuwata ta tafi. Ki ɗauko shi. Kusa da ni, amma kada ki ɗora shi samana." Sai a lokacin ta gane su biyu ne suke jira.

Mako uku da binne shi, ita da Santu suka hau jirgi, zanen yana jakarta. A ofishin makabartar, matar da ke kula da rajista ta duba lambar, sannan ta ɗago.

"Madam, kabarin talakawa shekara biyar ake bayarwa. In dangi ba su zo ba, akan kwashe a haɗa da sauran a rami ɗaya. An liƙa sanarwa a ƙofa."

"Wace ƙofar?"

"Ta makabarta."

Divota ta juya wajen Santu. "Me take nufi da bayarwa? Aron ƙasa suke ba matacce?"

Santu ya kama hannunta suka fita wajen kaburburan.

A layi na tara, lamba ɗari biyu da shida, sunan wani ne, da furanni sabbi. Ta durƙusa ta cire ciyawar da ke gefen, don hannunta ya rasa abin yi. Sannan aka nuna musu ramin: daɓen siminti da murfin ƙarfe, ba suna ko ɗaya.

"Zia, mu ɗebi ƙasa ko kaɗan ne," in ji Santu.

"Ƙasar wa? Ba tasa ba ce."

Da suka dawo ta ninke zanen, ta sa a gurbin hagu kusa da Orsu, ta sa magini ya toshe.

Ranar Litinin ta koma aiki. Har yanzu tana share bene da matattakala, tana goge gilasan hotuna. In baƙo ya tambaye ta shekara nawa Babbu ya yi a waje, sai ta ce ya tambayi na ƙofa, shi ya yi karatu. Ɗakin ibada kuwa Santu ke gogewa. Yana barin ƙura a kusurwa, tana gani in ta wuce, ba ta taɓa yi masa magana a kai ba.